Shaidu uku na garin da ruwa ya ci

 

A ƙarshen shekarar 2018 wani ɗanmu da ke karatu a birnin Sheffield na ƙasar Ingila ya aiko mana da hotuna biyu ta waya. Na farko hoton fili ne na laka, da tarin duwatsu nan da can, da ginshiƙan ƙofa a tsaye babu katanga babu gida, ga mutane cikin rigunan sanyi suna zagayawa a tsakani. Na biyu hoton tsohuwar taswirar wurin ce, an zana coci da gada da gidaje da hanyoyin da suka haɗa su. A ƙarƙashi yaron ya rubuta: "Baba, ku nuna wa Maigida. Ashe su ma suna da nasu Kete."

Maigidan da yake nufi shi ne dattijon da muke riƙe wa takardu, muna rubuta masa wasiƙu da bayanin zaman sulhu fiye da shekara ashirin. An haife shi a zangon tsohon Kete Krachi a nan Ghana, garin da tafkin Volta ya haɗiye bayan an gina madatsar Akosombo, wadda aka kammala a 1965. Kimanin mutum 80,000 ruwan ya tayar daga gidajensu, aka rarraba su a sababbin matsugunai 52. Mu da aka haifa bayan haka ba mu taɓa taka ƙasar tsohon garin ba, a bakin iyaye muka san shi.

Muka miƙa masa wayar, ya daɗe yana duban hotunan, sa'an nan ya ɗago ya ce, "To, Malam, su waɗannan masu yawo a kan laka, wa ya gaya musu inda ƙofar kowa take?" Ba mu da amsa a ranar. Neman amsar ne ya sa muka shafe watanni muna karanta yadda mutanen Birtaniya suke adana tarihin garuruwansu da ƙauyukansu, kuma abin da muka tsinta shi muke so mu ajiye a gabanku.

Ƙauyen da ke cikin hoton sunansa Derwent, yana cikin tsaunukan da ke yamma da Sheffield. Tsakanin 1935 da 1943 aka gina madatsar Ladybower domin shayar da manyan biranen yankin, ruwa ya cika a 1945, ya rufe Derwent da maƙwabcinsa Ashopton. Kafin ruwan ya iso an rushe gidajen, an tone matattu an mayar da su maƙabartar garin Bamford, an kwance tsohuwar gadar dutse, daga baya aka sake gina ta a can saman kwarin. Hasumiyar cocin aka bari tana leƙowa daga cikin ruwa, har aka fasa ta a 1947 saboda gudun haɗari. Idan aka yi fari mai tsanani, kamar na 1976 da na 2018, ruwan yakan janye, kufan ya bayyana, jama'a su yi ta tururuwa zuwa kallo. Wanda ya je da tsohuwar taswira a hannu, da tsohon hoto, da labarin da kakarsa ta ba shi, yakan tsaya a kan tarin dutse ya san gidan wa yake takawa.

A wurin malamanmu mun koyi cewa alƙali ba ya yanke hukunci a kan dukiya da bakin mutum ɗaya sai da abin da ya ƙarfafa shi, kuma kafin a karɓi shaida sai an binciki mai ita, a san adalcinsa da aibinsa. Da wannan ma'auni muka dubi shaidu ukun da masu tarihin garuruwa a Birtaniya suke dogaro da su, wato taswira da hoto da bakin tsofaffi.

Shaida ta farko alƙalamin hukuma ne. Sarki William, wanda ya ƙetaro daga Normandy ta ƙasar Faransa ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya aika wakilai su ƙirga masa abin da ya mallaka. A 1086 aka tattara bayanin wurare 13,418, kowanne da sunan mai shi, da yawan garmunansa, da wuraren niƙan hatsi, da dazuzzukan da ake kiwo a ciki. Mutane suka yi wa littafin laƙabi da Domesday, wato ranar hisabi, domin abin da ya faɗa ba a ɗaukaka ƙara a kansa. A kan fatar tumaki aka rubuta shi da Latin, yana nan har yau a taskar takardun ƙasa da ke Kew a Landan, kuma ƙauyuka da yawa a cikinsa suka fara ganin sunansu a rubuce.

Taswirorin da suka biyo baya tsoron yaƙi ne ya haife su. Bayan tawayen da aka yi a Scotland a 1745, sojoji suka auna tsaunukan ƙasar tsakanin 1747 da 1755, wani matashi mai suna William Roy yana kan gaba a aikin. A 1791 aka kafa hukumar safiyo ta Ordnance Survey a ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da igwa da makamai, kuma taswirarta ta farko, ta 1801, ta lardin Kent ce, gaɓar da ake tsoron Faransawa za su sauka. A cikin ƙarni na 19 suka faɗaɗa ma'aunin zuwa inci 6 a mil ɗaya, har zuwa inci 25, inda ake ganin kowane gida da rijiya da turbar ƙafa. Ɗakin karatu na ƙasa da ke Edinburgh ya ɗora dubban irin waɗannan taswirori a intanet kyauta, mutum yana iya jera tsohuwa kusa da hoton tauraron ɗan'adam na yau ya ga abin da ya sauya. Akwai kuma taswirorin ushiri. Manoman Ingila da Wales sun daɗe suna ba coci kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona, sai dokar 1836 ta mayar da shi kuɗi, dole aka auna gonaki, aka rubuta mai gona da mai haya da faɗin eka da sunan da mutane ke kiran filin da shi. Mu ma a nan mun san wannan alƙalami, domin Gordon Guggisberg, wanda ya yi gwamnan Gold Coast daga 1919 zuwa 1927, aikin safiyo ne ya fara kawo shi ƙasar nan.

Adalcin wannan shaida shi ne ba ta mantuwa, kuma ba ta da dangi a garin da take aunawa. Aibinta kuwa, abin da mai mulki yake bukata shi take gani. Littafin William bai ƙunshi Landan da Winchester ba, kuma talakawan da ke cikinsa adadi ne marasa suna. Taswirar ushiri ta san mai gona da mai haya, amma ɗan ƙodagon da ya shekara arba'in yana huɗar gonar babu gurbinsa a jadawalin.

Shaida ta biyu hoto ne, kuma a nan sunan da ya fi fitowa shi ne Francis Frith, wanda aka haifa a Chesterfield a 1822 ya rasu a 1898. Ya fara suna ne da hotunan Masar da Falasɗinu, inda ya yi tafiya uku tsakanin 1856 da 1860 yana ɗauke da faranten gilashi da magungunan wanke hoto cikin zafin hamada. Da ya koma gida sai ya kafa kamfani a garin Reigate da niyyar ɗaukar hoton kowane gari da ƙauye na Birtaniya. Shi da ma'aikatansa, sa'an nan 'ya'yansa da waɗanda suka gaje su, suka ci gaba da aikin fiye da shekara ɗari, ana buga hotunan a kan katin da matafiya ke aika wa 'yan'uwa ta gidan waya. An rufe kamfanin a 1971, aka ceto tarin hotunan kafin su lalace. Da yake masu ɗaukar hoton sukan koma gari ɗaya bayan shekaru, ana iya jera titi guda a ga keken doki ya ba mota wuri, a ga shagon maƙeri ya zama wurin sayar da fetur.

Gani ya kori ji, amma hoto ma yana da aibinsa. Mai sayar da kati abin da za a saya yake ɗauka, sai ya nufi coci da gada da bakin kasuwa a ranar da gari ya yi haske, ya bar lungun da talaka ke kwana. Na'urorin farko kuma sai mutum ya tsaya cak suke kama shi, wanda ke sauri da kaya a ka inuwa kawai yake bari ko ya ɓace gaba ɗaya. Babban aibin shi ne hoto ba ya faɗin suna. Za ka ga yarinya tsaye a ƙofar shago da tulu a hannu, idan babu wanda ya san ta da rai, ta zama kowa.

Nan ne ake bukatar shaida ta uku. George Ewart Evans mutumin Wales ne, malamin makaranta, ya koma ƙauyen Blaxhall a lardin Suffolk a 1948, inda matarsa ke koyarwa. Ya lura maƙwabtansa tsofaffi, makiyaya da masu noma da dawaki, suna magana da kalmomi da sanin aiki waɗanda tarakta ke shirin shafewa. Sai ya riƙa zama da su yana rubutawa, daga baya yana ɗaukar muryoyinsu a na'ura. Littafinsa na farko a kan haka ya fito a 1956, kuma ma'anar sunansa ita ce a tambayi waɗanda suka yanka ciyawar. Daga bakinsu aka ji yadda ake biyan ladan girbi, da yadda mai doki ke ɓoye sirrin magungunansa, da abin da ake ci a gidan ɗan ƙodago idan sanyi ya tsananta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shiga taswira ko katin hoto.

Aibin baki mun fi kowa saninsa, mu da muke zaman sulhu. Tsoho yakan haɗa shekara biyu ya mai da su ɗaya, yakan faɗaɗa gidan ubansa ya ƙuntata na abokin gabarsa. Sai dai duk wannan ana gyara shi idan aka gwama riwaya da riwaya, aka auna su da takarda. Abin da ba shi da gyara shi ne mutuwa. Taswira da hoto suna iya jira shekara ɗari a cikin akwati kafin a waiwaye su, tsoho kuwa ba a san ko zai ga damina mai zuwa ba.

Inda muka ga shaidun uku sun haɗu har hankalinmu ya tashi shi ne Capel Celyn, wani ƙauye a kwarin Tryweryn kusa da garin Bala a Wales, wanda mutanensa harshen Welsh suke yi. A 1957 majalisar dokoki a Landan ta amince wa birnin Liverpool ya datse kwarin domin ruwan sha, alhali 'yan majalisa 35 cikin 36 na Wales sun ƙi. A 1965, shekarar da aka kammala Akosombo, ruwa ya rufe gidaje da gonaki goma sha biyu, da makaranta, da gidan waya, da wurin ibada da maƙabartarsa. Mutum 48 suka rasa muhalli. Wani ɗan jarida mai ɗaukar hoto, Geoff Charles, ya bi kwanakin ƙarshe na ƙauyen, ya ɗauki yara a makarantarsu da iyalai suna kwashe kaya, hotunan suna ajiye a ɗakin karatu na ƙasa da ke Aberystwyth. Tsofaffin taswirori sun riƙe sunayen gonakin da harshen masu su, yaran makarantar kuma da suka girma suka ba da labari aka ɗauka. A gefen wata hanya kusa da Llanrhystud akwai katangar da aka rubuta wa kalmomi biyu masu cewa a tuna da Tryweryn, duk lokacin da aka ɓata rubutun sai mutane su sake shi. A 2005 majalisar birnin Liverpool ta nemi gafara a bainar jama'a. Shekara arba'in ke nan bayan ruwan, kuma da ƙauyen ya nutse tare da sunayen mutanensa, da wuya a sami wanda za a roƙa gafarar.

Haka kuma Tyneham a lardin Dorset, wanda shi ba ruwa ne ya ci shi ba. A ƙarshen 1943 aka ce wa mazauna kwarin su 225 su tashi na ɗan lokaci domin sojoji su yi atisaye. Suka bar takarda a ƙofar coci suna roƙon a kula musu da gidajensu har su dawo. Ba su dawo ba, domin a 1948 gwamnati ta riƙe filin dindindin. Yau a ranakun da ba a harbi ana barin baƙi su shiga, kuma a kangon gidajen an kafa alluna da hotunan iyalan da suka zauna a ciki da sunayensu da sana'arsu.

Akwai kuma gargaɗi a cikin labarinsu. A 1986, domin cikar littafin William shekara 900, BBC ta shirya sabon hisabi na ƙasar. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu, yawancinsu 'yan makaranta, kowa ya rubuta unguwarsa ya ɗauki hoto, aka zuba duka a kan faifai biyu na zamani waɗanda sai wata kwamfuta ta musamman ke karantawa. Kafin 2002 na'urorin sun kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aiki tuƙuru aka ceto abin da ke ciki. A duk tsawon lokacin fatar tumakin nan ta 1086 tana nan a taskar takardun ƙasa, mai iya Latin yana karanta ta.

Yanzu bari mu dawo gida, ga abin da ya sa tambayar Maigida ta tsaya mana a rai. A shekarar da hotunan suka zo, gidaje biyu na zangonmu suna cikin jayayya a kan wanda kakansa ya fara sauka a jikin tsohon masallaci, domin bisa wannan ake jera manya a zaman shawara tun kafin a tashi. Maganar ta kai har an fasa wani baiko. Aka ce magatakarda ya kawo takarda. Muka buɗe akwatin ƙarfen da aka ɗauko daga tsohon gari, muka tarar gara ta riga mu, abin da ya rage rasit ne na haraji da rabin wata wasiƙa da ajami. Hukuma ta ƙirga mutanenmu ta rubuta adadi, amma a hannunmu mu jikokin zango babu zanen lungu ko ɗaya.

Abin kunyar kuma shi ne mu ba baƙin alƙalami ba ne. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, ya koma Kete bayan yaƙin Salaga na 1892, ya yi limanci a can har ya rasu a 1934, ya rubuta bayanin ƙasar Hausa da ajami, garuruwanta da sana'o'inta da al'adunta, wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich ya tafi da rubutun Turai, masana suna amfana da shi har yau. Shi ya rubuta ƙasar da ya baro tun yana da ƙarfin tunawa. Mu ba mu rubuta garin da ya koyar a cikinsa ba.

Saboda haka muka nemi izinin Maigida, muka sayo babbar takarda irin ta 'yan makaranta, muka shimfiɗa ta a zaure kowace Juma'a bayan la'asar. Dattawa uku da tsofaffin mata biyu suka riƙa zuwa. Muka fara da masallaci a tsakiya, kowa ya ɗauke mu da baki daga ƙofar gidansu zuwa can, yana faɗin gidan wa zai wuce a dama, na wa a hagu. Mazan sun fi sanin kasuwa da wurin saukar fataken goro da mahauta. Matan su suka san turbobin rafi, da gidan ungozoma, da inda ake binne jarirai. A kan wata rijiya aka yi saɓani, ɗaya ya ce gabas da masallaci take, ɗaya ya ce kudu, sai muka zana biyun muka rubuta sunan mai kowace riwaya a gefe, yadda aka koya mana a gaban malamai. Wata jika ta kawo hoton bikin suna da ya yi ja don tsufa, Inna ta kawo shi kusa da idonta ta kira sunan mutum tara cikin goma sha ɗaya, muka rubuta a bayansa. Muna ɗaukar muryoyin a waya, amma saboda abin da ya sami faifan BBC muna kwafe komai da hannu, ɗaya da boko ɗaya da ajami, a ajiye a gidaje daban-daban.

Takardar ba ta yanke jayayyar gidajen nan biyu ba. Abin da ta nuna shi ne ƙofofin kakanninsu suna kallon juna a lungu ɗaya, kuma tsofaffi huɗu cikin biyar sun tuna cewa tukunya ɗaya ake ɗora musu a watan azumi. Da aka karanta wannan a gabansu muryoyi sun sauka, ko da yake baikon bai dawo ba. Inna kuwa ta rasu kafin mu gama unguwar bakin rafi, wadda ita kaɗai ta rage da ta tashi a cikinta. Wannan kusurwa ta takardar tana nan fara, da gidaje shida da muka zana ba mu sami sunan masu su ba.

'Yan'uwanmu na Sabon Zango a Ankara, da na Kumasi, da na Briqueterie a Yaounde, da na Injamena, da na Mai Wurno a Sudan, ba sai ruwa ya zo ake rasa gari ba, faɗaɗa titi ɗaya ko gobarar dare ɗaya ta isa. Taswirar hukuma da hotunan baƙi za a iya neman su ko bayan shekara hamsin. Tsohon da ke zaune a ƙofar gidanku shi ya kamata a fara da shi, a wannan makon, da takarda da fensir, a tambaye shi gidan wa yake wucewa idan zai tafi masallaci yana yaro. Wanda ya riga ya yi irin wannan aiki a unguwarsu, muna roƙon ya sanar da mu yadda ya bi, mu ƙaru.

Allah ya jiƙan magabatanmu, na tudu da waɗanda ruwa ya rufe, ya sa mu cika da imani. Wassalam.